FASHIN BAƘI: Abin da ya sa tsofaffin sojojin Amurka ke cewa a dawo da dakaru gida

A watan Afrilun 2024, masu zanga-zanga sun fito a Yamai suna neman sojojin Amurka su tattara nasu-ya-nasu. Zuwa watan Satumba, dakaru kusan 1,000 sun fice daga Nijar, suka bar sansanin jirage marasa matuƙa na Agadez, wanda gininsa ya lashe sama da dala miliyan 100.

Irin wannan ƙyama ta daɗe tana raba kan tsofaffin sojojin Amurka. A binciken cibiyar Pew na 2019, kashi 64 cikin 100 daga cikinsu sun ce yaƙin Iraƙi bai cancanci a yi shi ba, kashi 58 kuma suka faɗi haka kan Afganistan.

Hujjar wannan ɓangare ita ce, girke dakaru inda ba a maraba da su ƙiyayya yake ƙarawa, ga asarar rayuka da dukiya. Mataimakin Shugaban Ƙasa JD Vance, wanda ya yi aikin soja a Iraƙi, yana cikin masu sukar yaƙin.

Ɗaya ɓangaren kuwa na gargaɗin cewa duk gurbin da Amurka ta bari, wata ƙasa za ta cike shi. Masu horar da sojoji daga Rasha sun sauka a Yamai tun kafin Amurkawa su gama ficewa.