Me Ya Sa Na'urar Leza Ke Ƙona Kusurwar Harafi?

Yau maganar ta matasanmu ce da ke zuba jari a na'urar leza, wadda ke rubuta suna a jikin fulas, maƙalin makulli, kayan rabon biki, da fata irin wadda masu jaka da takalma ke saye a Kofar Wambai.

Ka duba aikin da kyau. Sau da yawa miƙaƙƙen layi yana fita tas, amma kusurwar harafi, wajen da "K" ko "Z" ke lanƙwasa, ta yi baƙi ƙirin, wani lokaci har ta huda fatar. Mai kaya ya dawo yana faɗa, yaro ya biya daga aljihunsa. Sai a ɗora wa wutar lantarki laifi, ko a ce fatar ce ba ta da kyau. A'a, gudu ne.

Ka tuna dutsen guga. Zafinsa ɗaya ne, amma in ka bar shi wuri guda rigar ta ƙone. Haka kan na'urar yake, ko ƙananan madubai biyu da ke juya hasken a cikin manyan na'urori na rubutu a ƙarfe: ba sa iya shan kwana da cikakken gudu, dole su rage. In ƙarfin hasken bai sauka tare da su ba, zafin sai ya taru. Lissafin ba wuya: in tana tafiya milimita 1,000 a daƙiƙa, a kwana ta dawo 250, to kowace milimita ta sha zafi ninki 4. Ƙarfe zai iya jurewa. Fatar akuya, ina!

Maganin shi ne na'urar ta riƙa bin gudun da kanta, ta rage wuta in an rage tafiya, ta ƙara in an miƙe. Kuma wannan ba sai mai tsada ba. Ƙananan na'urori masu aiki da manhajar GRBL, tun daga sigar 1.1, suna da umarni biyu: M3 yana riƙe ƙarfi ɗaya ko ana gudu ko an tsaya, M4 kuwa yana daidaita shi da gudun, har ya kashe hasken in kan ya tsaya cik. A LightBurn zaɓi ne kawai. Masu kwakwalwar Ruida kuma lamba biyu suke ba ka, babban ƙarfi na miƙaƙƙen layi da ƙarami na kwana. Da yawa sukan sa su daidai da juna, shi ke nan sun rufe wa kansu ƙofar. Kamfanin SCANLAB na Jamus yana da wata dabarar: a kashe hasken, madubin ya wuce kusurwar ya juyo a iska, sannan a kunna da cikakken gudu.

Af, kafin in manta: kar ka sa ledar roba mai PVC a ƙarƙashin leza, hayaƙinta guba ne, yana kuma cin ƙarfen na'urar.

Abin da ke damuna, dillali zai yi ta faɗa maka wat nawa ce, 20 ko 50, ba ya maganar wannan. Ɗan'uwa, kafin ka biya, ka je da guntuwar fata, ka ce a zana maka tauraro mai tsini 5 a gabanka, ka duba bakin kowane tsini.

Masu wannan sana'a, ku turo mana hoton aikinku a ƙasa. Sai shiri na gaba in Allah Ya kai mu.