Jarrabawar CAMES: yadda ake auna gwanintar malamin tsimi da tanadi a jami'a

Duk bayan shekaru biyu, galibi a watan Nuwamba, sai a ji sanarwa a rediyo cewa wasu malaman jami'o'in Nijar sun ci jarrabawar CAMES, sun zama "agreje". A unguwa a yi ta barka, a jami'a a shirya liyafa. Amma in ka tambayi mai yin barkar me aka ci, da wuya amsarsa ta wuce "ai ya zama farfesa". Alhali ga duk wanda ke da ɗa ko ƙane mai karatun tsimi da tanadi a Yamai ko Tawa, wannan jarrabawa ita ce babban ma'aunin da ake auna malamin da ke tsaye gaban yaronsa.

CAMES hukuma ce ta haɗin gwiwa da ke kula da ilimi mai zurfi a ƙasashen Afirka 19, akasarinsu masu amfani da Faransanci. A nan Yamai aka yanke shawarar kafa ta, a watan Janairun 1968, zamanin shugaba Diori Hamani, lokacin taron shugabannin ƙungiyar OCAM. Cibiyarta na Wagadugu, kuma masanin tarihin nan na Burkina Faso, Joseph Ki-Zerbo, shi ne sakatarenta na farko. A wancan lokaci Nijar ba ta da jami'a ko ɗaya, sai a 1971 aka aza tubalin wadda daga baya ta zama jami'ar Abdou Moumouni. Ƙasar da manyan malamanta ba su cika yatsun hannu ba, wa zai auna wa? Shi ya sa aka ga gara a haɗa alƙalai daga ƙasashe da yawa, ta yadda ƙarin girman malami ba zai dogara ga sanayya ko ga ra'ayin gwamnatin ƙasarsa ba.

Tsanin yana da matakai huɗu. Mai digirin dakta da aka ɗauka aiki yana farawa ne a matsayin asistan, daga nan ya hau metir asistan, sai metir da konferans, sai kuma farfesa cikakke. Daga mataki na uku ne malami ke shiga sahun manya, waɗanda ke da ikon jagorantar ɗaliban dakta. A fannin tsimi da tanadi hanyoyi biyu ne ke kai wa ga wannan mataki. Akwai wadda malaman ke kira doguwar hanya: mutum ya tara rubuce-rubucen binciken da ya wallafa da shekarun aikinsa, ya aika wa kwamitin ƙwararru na CAMES da ke zama kowace shekara, a duba takardu a yanke hukunci ba tare da an gan shi ba. Akwai kuma gajeriyar hanya, wato gasar agregasiyon, wadda aka kwaikwayo daga Faransa, aka kuma fara gudanar da ita a 1983. A zama ɗaya ake yi wa masu shari'a, da masu kimiyyar siyasa, da masu tsimi da tanadi, da masu ilimin gudanarwa, kowane fanni da nasa alƙalai.

Sunan gajeriyar hanya bai kamata ya ruɗi kowa ba. Zagaye uku ne, kuma a kowane zagaye ana zubar da mutane. A na farko ɗan takara zai zauna gaban alƙalai, manyan farfesoshi daga ƙasashe daban-daban, ya kare binciken da ya yi: me ya gano, ta wace hanya, me ya ƙara a kan abin da aka riga aka sani. Wanda ya tsallake sai ya shiga zagayen darasi, kuma nan ne abin ya fi ɗaukar hankali. Da sassafe zai jawo batu ta hanyar ƙuri'a, a rufe shi a ɗaki na tsawon awa takwas, daga shi sai littattafan da aka yarda ya duba. In lokaci ya cika ya fito ya gabatar da darasi na minti talatin gaban alƙalai. Darasin farko kan tushen ilimin tsimi da tanadi ne, na biyu kuma, ga wanda ya kai zagaye na uku, kan ɓangaren da ya ƙware, kamar harkar kuɗi da bankuna ko tattalin arzikin raya ƙasa. Ana duba zurfin sani, da tsarin magana, da kiyaye lokaci. Mutumin da ya yi shekara goma yana koyarwa kan iya faɗuwa saboda ya kasa tattara tunaninsa cikin rabin awa.

Wannan tsari ya cancanci yabo. A wurare da yawa na duniya ana ƙara wa malamin jami'a girma ne bisa abin da ya wallafa kawai, ko da kuwa in ya buɗe baki a aji babu mai fahimtarsa. A nan sai ka tashi tsaye ka koyar, a gan ka. Kuma sakamakon da aka samu yana da daraja daga Dakar har Libreville.

Sai dai alƙalan da ke sauraron darasin nan farfesoshi ne, sun riga sun san abin da ake faɗi. Ɗaliban ajin farko ba haka suke ba. Ɗaruruwa ne a cikin amfi, wasu a tsaye, na baya ba ya jin na gaba in wuta ta ɗauke. Yawancinsu ba da jimawa suka ci bak ba, da Hausa ko Zabarmanci ko Tamajaq suke tunani, da Faransanci ake koya musu, littattafan kuwa cike suke da misalan kasuwannin Turai da Amurka. Ga yajin aiki, ga shekarun karatu da ke hawa kan juna. Iya koyar da irin wannan aji wata gwaninta ce daban, kuma babu zagayen da ke auna ta.

Gwanin malami a wannan fanni, a ganina, shi ne wanda zai sa ɗalibi ya gane cewa abin da ke kan allo shi ne abin da ya baro a gida. In ana maganar buƙata da wadatar kaya, ga tiyar hatsi da ke araha da kaka ta yi tsada da damina, ga albasar Galmi da farashinta ke faɗuwa ranar da kowa ya kwashe gonarsa. In ana maganar darajar kuɗi, ga watan Janairun 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100, iyayen ɗaliban ba su manta ba. Ga kuma ƴan canjin Maraɗi da Birnin Ƙonni: sefa na ɗaure da euro a kan 655,957, naira kuwa tana hawa tana sauka, kuma duk motsinta sai an ji shi a kasuwar dabbobi da ta wake. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 kaɗai ya isa darasin wata guda kan cinikayya tsakanin ƙasashe. Akwai malamai masu yin haka, ɗalibai sun san su, suna rige-rigen wurin zama a ajinsu. Amma lokacin da malami ya kashe yana shirya irin wannan darasi, yana gyaran takardun jarrabawa ɗari biyar da idon basira, lokaci ne da bai rubuta maƙalar da za ta ɗaga shi a CAMES ba. Matashin malami ya san wannan lissafi sarai, ai tsimi da tanadi ya karanta.

Lambobin yabo ma ba su cike giɓin ba. CAMES na da lambar girmamawa ta ilimi da take bayarwa, amma galibi tana zuwa ne ga dattawan da suka daɗe suna hidima, da shugabannin jami'o'i, har da shugabannin ƙasashe. Godiya ce ta ƙarshen aiki.

Abin da ya rage yana hannun jami'o'inmu, ba sai an jira Wagadugu ba. Tsangayar tsimi da tanadi ta Yamai da takwararta ta jami'ar Djibo Hamani ta Tawa na iya tambayar ɗalibai a ƙarshen kowane zango, a rubuce kuma ba tare da suna ba, ko sun fahimci darasin, ko malami na zuwa kan lokaci, ko jarrabawa ta dace da abin da aka koyar. Wasu malamai na ƙin wannan, suna cewa ɗalibi zai yabi mai sakin maki ne kawai. Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa ba za a tsaya ga bakin ɗalibai ba. Sai a haɗa da ziyarar wani babban malami cikin aji, a kuma duba yadda ɗaliban suka kasance a aji na gaba. Kundin da malami ke aikawa CAMES yana bi ta hannun shugabannin tsangayarsa, kuma suna rubuta ra'ayinsu kan aikinsa. A wannan shafi ne sakamakon irin wannan awo zai iya shiga.