Ƙarar Da Ba Mai Jin Ta Sai Ni

Shekara uku ke nan rabona da sanin daɗin shiru. Abin ya faro ne daren wani biki, inda na zauna dab da lasifika kusan awa huɗu. Na koma gida kunnena na dama yana wani siririn kuka irin na gyare, na ce kafin safe zai wuce. Har yau bai wuce ba. Likitoci na kiran wannan larura tinitus, wato jin ƙara a kunne alhali babu abin da ke yin ta a waje.

Da a nan ta tsaya, da da sauƙi. Bayan 'yan watanni sai ƙarar da kowa ke ɗauka ba komai ba ta zame mini azaba: cokali ya bugi faranti, ɗan a-daidaita-sahu ya danna hon, ɗalibai su ja kujeru a ɗakin lacca. Sai in ji kamar an soka mini allura, zafin ya gangara har muƙamuƙi. Ranar da na daka wa ƙaramar 'yata tsawa saboda dariyarta, ranar na san ba ni da sauran uzurin ƙin ganin likita.

Can ƙuryar kunne, bayan dodon kunne, akwai ƙwayoyin halitta masu kama da gashi kimanin 15,000. Su ke mayar da amo saƙon da ƙwaƙwalwa ke karɓa, kuma in suka mutu ba sa sake tsirowa. Masana na ganin cewa idan saƙon ya ragu, ƙwaƙwalwa kan ƙure murya kamar mai laluben tasha a rediyo, daga nan kukan da rashin jure ƙara suke tasowa. A ma'aunin masu kula da lafiyar ma'aikata, desibel 85 iyakarsa awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100, minti 15 ne kacal.

Babban kuskurena shi ne toshe kunne da auduga daga safe har dare. Likita ya nuna mini cewa hakan ƙara wa kunne tsoron amo yake yi. Yanzu wurin janareta, injin niƙa da taron biki kawai nake sa matoshi. Da dare nakan kunna fanka a hankali don kukan ya sami abin ɓuya a ciki. Na lura kuma rashin barci da damuwa suna rura shi. Ban warke ba, amma na koma aji.

Mai karatu, idan jinka ya ɗauke farat ɗaya, ko kunne yana fitar da ruwa, ko jiri ya haɗu da kukan, kada ka tsaya ɗiga mai ko sakace da tsinken ashana. Nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro, irin waɗanda ke Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Ka gaya masa magungunan da kake sha, domin kwinin da allurar jentamaisin na iya taɓa ji.

Tun 2009 Nijeriya ke da ƙa'idojin taƙaita hayaniya a ƙarƙashin hukumar NESREA. Saura aiki da su a kan masu tallar magani da lasifika a kasuwa da masu kiɗan biki cikin unguwa. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. To, sai mu fara tsirar da kunnen. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.