Likitan da Ya Auna Ƙwaƙwalwa Kafin Ya Taɓa Ta

Jama'a masu sauraro, na Nima da Maamobi da Sabon Zango, da duk inda muryarmu ta kai. Shirinmu na yau a kan wani shehin malamin tiyata ne na ƙasar Suwidin, Lars Leksell, wanda aka haifa a 1907, ya rasu a 1986, da hidimar da ya yi wa masu fama da ƙari a ƙwaƙwalwa.

Tun zamanin Abul Ƙasim Az-Zahrawi, hakimin Andalus da ya rasu wajen 1013, wanda ya keɓe maƙalar ƙarshe ta littafinsa At-Tasrif ga aikin wuƙa, har ya yi bayanin ruwan da ke taruwa a kan jarirai, babbar mushkilar masu ilmin ɗibbu ita ce yadda za su isa ga cuta a cikin kai ba tare da sun ɓata lafiyayyen nama ba, domin kuwa ɗan kaucewar wuƙa yana iya tafiya da maganar mutum, ko ganinsa, ko motsin hannunsa. A 1908 Horsley da Clarke a Ingila suka ƙera wani ƙarfe na auna ƙwaƙwalwar dabbobi, a 1947 Spiegel da Wycis a Amurka suka gwada irinsa a kan ɗan Adam.

Leksell ya fito da nasa a 1949. Ƙarfe ne da ake ɗaurawa a ƙoƙon kai, a ɗauki hoto yana ɗaure, sa'an nan a yi hisabin inda cutar take da lambobi uku, na tsawo da na faɗi da na zurfi. A samansa kuma akwai wani baka wanda aka daidaita ta yadda, ko ta wace fuska aka shigar da allura, bakinta ba ya sauka sai a wurin da aka lissafa. Wanda ya taɓa neman gida a lungunan Nima da kwatance kawai, daga baya aka ba shi lambar GPS ta gidan, ya san falalar wannan. Ta ƴar huda ƙarama sai a ciro ɗan ɓarɓashin ƙarin, a kai ɗakin bincike, a tabbatar ko daji ne ko ba daji ba.

Amma bai tsaya nan ba, a nan ne ma hikimarsa ta bayyana. A 1951 ya kawo shawarar a ajiye allurar ma, a aika da haske maimakonta, kuma a 1968, tare da masanin kimiyya Börje Larsson, aka kafa na'urar Gamma Knife ta farko a birnin Istokholm. Tana harba siraran haskoki wajen ɗari biyu daga sinadarin kobalt, kowannensu mai rauni ne, yana ratsa ƙwaƙwalwa ba tare da wata babbar illa ba, sai a mahaɗarsu ƙarfin ke taruwa ya kashe cutar. Sai dai akwai sharaɗi, kuma shi ne jigon maganarmu: dabarar ta fi amfani ga ƙari ƙarami, wanda bai wuce kamar santimita 3 ba.

To, a nan Gana, Dakta J. F. O. Mustaffah ne ya fara kafa aikin tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin Korle Bu a 1969, a 1997 kuma aka buɗe cibiyar gashin daji a can. Likitocin ƙalilan ne, kuɗin hoton kai kuma yana da nauyi ga talaka, wannan ba ya ɓoyuwa. Duk da haka, abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne jinkiri, inda za ka ga babban mutum wanda bai taɓa farfaɗiya ba ya fara faɗuwa, ko ciwon kai da amai na tashinsa da asuba, ko gani na dusashewa, sai dangi su yanke hukuncin iskoki ko sammu, a shekara ana hayaƙi, ƙarin na girma.

Ruƙiyya da addu'a ba su hana ganin likita, shari'a ma ta yi umarni da neman magani. Malamai da limaman zango, in an kawo muku mai irin waɗannan alamomi, ku yi masa addu'a, ku kuma tura shi asibitin Maamobi ko Korle Bu a duba kansa tun da wuri.