Yadda Ƙasa Ke Riƙe Guba Da Yadda Ta Ke Sakinta



Kun tuna shekarar 2010, da gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum, saboda niƙa dutsen zinariya a cikin gida. To, dalma tana da abokin tafiya a irin wannan dutse, ana ce da shi arsanik. In ya shiga ruwa ba ka ganinsa, ba ka jin warinsa, ba ka jin ɗanɗanonsa.

Allah ya yi mana gata da jar ƙasa. Jan nan da ka ke gani a marmara tsatsar ƙarfe ce. Idan ruwa mai arsanik ya ratsa ta, sai gubar ta manne wa tsatsar kamar ƙarangiya a riga, ruwan ya wuce da sauƙin guba. Yumɓu ma ya kan riƙe, amma bai kai marmara ba. Rairayi zalla kuwa, riƙonsa kaɗan ne ƙwarai.

Sai dai riƙon nan yana da sharaɗi, watau iska. A taɓon fadama, inda ruwa ke kwanciya ciyawa na ruɓewa, iska ta kan ƙare. Sa'an nan waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su narkar da tsatsar, abin da ta riƙe duka ya koma ruwa. Haka ta faru a Bangaladash, ƙasar taɓo da koguna. An haƙa musu rijiyoyin burtsatse don maganin zawo, a 1993 aka tabbatar da arsanik a ciki. Daga baya aka bi famfuna da fenti, ja ga mai guba, kore ga mai kyau.

Saboda haka kada ka wanke garin dutse a bakin rijiya, ko rafi, ko tafkin da dabbobi ke sha. Kada kuma a haƙa rijiya a gangaren wurin wanki. Na sha jin ana cewa, "Ai mun tafasa." Tafasawa ƙwayoyin cuta ta ke kashewa, arsanik kuwa yana nan a tukunya.

Cutarsa sai bayan shekaru ta ke bayyana. In ka ga baƙaƙen tabo a ƙirji ko baya, ko kanta a tafin hannu da na ƙafa, zo ɗakin shan magani, ka faɗa mana rijiyar da ku ke sha.