ƘARAMAR KAT-KAT: ABIN DA FALKE YA KAMATA YA SANI KAFIN YA ZUBA JARINSA



Duk wanda ya je kara ranar kasuwa, ko Gidan Rumji ne, ko Badagishiri, ko ƙetaren iyaka Maigatari da Illela da Mai'aduwa, zai ga ƙananan motocin nan masu tsayin ƙafa jere a inuwa, waɗanda mu nan muke kira ƙaramar kat-kat, mutanen Nijeriya kuma suna cewa ƙaramar jif. Da yawa daga cikinmu sun saya, wasu sun ji daɗi, wasu kuwa motar ta cinye musu kuɗin shanu biyu ko uku a garaji. Shi ya sa muka ga ya dace mu tattara abin da masu su suka gani, domin wanda yake da niyya ya shiga da idonsa buɗe.

Wace irin mota ce?

Wadda ta fi yawa a hannunmu ita ce Toyota RAV4. Kamfanin Toyota ya fara fito da ita a Japan a 1994, watau shekarar da aka karya darajar sefa. Ya sake mata fasali a 2000, sa'an nan a 2005, da 2012, da 2018. Akwai kuma Honda CR-V wadda ta fito a 1995, da Suzuki Vitara wadda ta girme su duka, tun 1988.

To, ga abu na farko da ya kamata a gane. Hilux da Land Cruiser an ɗora jikinsu ne a kan shasi na ƙarfe mai kauri, kuma suna da ƙaramar giya ta musamman wadda ke fid da mota daga rairayi da taɓo. RAV4 da CR-V ba haka aka yi su ba. Jikinsu da shasinsu abu ɗaya ne, kamar Corolla, sai dai an ɗaga su sama kaɗan, tsakanin cikinsu da ƙasa wajen santimita 19 zuwa 20, kuma ba su da waccan ƙaramar giya. Tsohuwar Vitara ita tana da shasi da ƙaramar giya, amma cikinta ƙunci ne, kuma kayan gyaranta ba su kai na Toyota samuwa ba. Saboda haka wanda ya sayi RAV4 yana zaton ya sayi ɗan Land Cruiser, lallai zai sha mamaki ranar da ya shiga rairayin arewacin Dakoro.

Abin da masu ita suke yabo

Masu ita sun ce babban amfaninta shi ne sammako. Falke ba ya jiran mota ta cika a tasha, yana isa kara tun shanu suna shigowa, ya zaɓi na kirki kafin 'yan baranda su taɓa farashi. Ya loda shanunsa a tirela, ya riga ta isa iyaka, ya gama da takardun duwan da na likitan dabbobi kafin ta iso, dabba ba ta daɗe a tsaye cikin rana ba. Kowa ya san kwana ɗaya na jinkiri a kan iyaka abin da yake yi wa nauyin sa.

Sa'an nan shan manta da sauƙi. Injin fetur mai lita 2 yana shan wajen lita 10 a kilomita 100 bisa kwalta, tankinta kuma yana ɗaukar lita 55 zuwa 60, watau cikawa ɗaya ta kai mutum kusan kilomita 500. A rairayi, ko da na'urar sanyi a kunne, shan yana ƙaruwa. Wannan lissafi ya zama dole tun daga Mayun 2023 da Nijeriya ta janye tallafin fetur, domin man bumburutu mai araha da muka saba saye a bakin hanya ya tafi da kwanakinsa. Ga shi kuma makanikai daga Maraɗi har Damagaram, har Kano da Garwa, sun san injin Toyota kamar yunwar cikinsu.

Abin da suke kuka da shi

Kuka na farko lodi ne. Abin da aka yarda wannan mota ta ɗauka, mutane da kaya gaba ɗaya, bai wuce kilo 400 zuwa 500 ba, watau nauyin babban sa guda. Maza biyar sun kai kilo 350. In aka ƙara buhun dusa biyu da jarkar mai, an riga an kai iyaka. Abin da ke biyo baya shi ne shokozoba ta mutu, bayan mota ya zauna, taya ta riƙa cinyewa ta gefe ɗaya, cikin motar kuma ya riƙa bugun tudun da ke tsakiyar hanyar daji. Ba motar ɗaukar maruƙa ba ce. Mai son ɗaukar dabba ko gishiri ko harawa, Hilux ce tasa.

Kuka na biyu, ba kowace RAV4 ce ke ja da ƙafa huɗu ba. Da yawa, musamman waɗanda suka fito daga Amurka, ƙafafun gaba kaɗai ke aiki, ko da yake siffarsu ɗaya da sauran. Hanyar ganewa ba wuya: a durƙusa a leƙa ƙarƙashi, in an ga farfela ta miƙe daga tsakiya zuwa ƙafafun baya, to mai huɗu ce, in babu, ba kat-kat ba ce sai a suna. Irin ta 2006 zuwa 2012 tana da maɓallin da ke kulle ƙafa huɗu, amma yana sakin kansa in gudu ya wuce kilomita 40.

Kuka na uku, kowane zubi da ciwonsa. Ta farko, mai injin 3S, tana da bel a cikin inji wanda ake canzawa wajen kowane kilomita 100,000. In ya tsinke a daji, mota ta tsaya ke nan. Ta 2001 zuwa 2003 mai giya otomatik an san ta da lalacewar kwamfutar inji, giya ta riƙa shiga da fizga, in an yi sakaci har giyar ta tafi. Ta 2006 zuwa 2008 mai injin lita 2.4 an san ta da shan baƙin mai. Masu gazuwal da ake kawowa daga Turai kuwa ba su jure gurɓataccen mai, gyaran famfonsu da allurorinsu kuma tsada gare shi. Mai yawan shiga ƙauye ya tuna cewa otomatik ba a tura ta ta tashi in batir ya mutu.

Yadda ake saye

Yawancin waɗannan motoci na hannu ne, daga Turai da Amurka, ta tashar jirgin ruwan Kwatano ko ta Lome. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara nisa, kuɗin kawowa ya ƙaru. Don haka kada a yi ciniki a kan kuɗin mota a tashar ruwa. A tambayi kuɗinta a ƙofar gida, da duwan da lamba da komai.

Mu da ba mu sayen sa sai mun buɗe bakinsa mun ga haƙori, mun taɓa tozo, mun kora shi ya yi tafiya, bai kamata mu sayi mota a hoton waya ba. Ga abin da muke ba da shawara:

Na ɗaya, a tafi da makanikin da aka yarda da shi, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba, a biya shi ladansa daban. Dillali dai dillali ne, mu ma mun san inda la'ada take sa baki ya karkata.

Na biyu, a tayar da injin da safe yana sanyi. Hayaƙi mai shuɗi daga salansa alamar shan baƙin mai ce. A buɗe murfin mai, in an ga abu fari-fari kamar kindirmo, ruwa yana haɗuwa da mai, a bar ta.

Na uku, a ɗaga shimfiɗar ƙasa a sunsuna. Akwai motocin da ambaliya ta cinye a Amurka, ko suka yi mummunan haɗari, aka saye su gwanjo aka yi musu kwalliya. Warin danshi, da laka a lungu, da tsatsa a ƙarƙashin kujera, duk shaida ne. Na ƙasashen ƙanƙara kuma gishirin da ake zuba wa hanya yana cin ƙarƙashinsu.

Na huɗu, kada a amince da mita. Ana mayar da ita baya. Ta Amurka kuma da mil take ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, watau 150,000 a fuskarta kilomita 240,000 ke nan.

Na biyar, lambar shasi da ke jikin mota ta yi daidai da ta takarda, harafi da harafi. A guji mai sitiyari a dama, domin ƙasashenmu hannun dama muke bi, wuce tirela da irin wannan mota kasada ce da rai.

Takardun ƙetare iyaka

Motar falke ba ta gida ɗaya ba ce. Bayan katin mota da inshora da takardar binciken lafiyarta, sai an karɓi lesefase a duwan kafin a shiga wata ƙasa, kuma a kula da ranar ƙarewarta. Tun 1982 ƙasashen CEDEAO suke da inshorar haɗin gwiwa mai suna kati mai ruwan ƙasa, Kamaru da Cadi kuma suna da nasu na CEMAC, mai ruwan hoda. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga CEDEAO a Janairun 2025, saboda haka kowa ya tambayi kamfanin inshorarsa ya rubuta masa ƙasashen da takardarsa take aiki a ciki. Wanda kuma yake tunanin in ya gaji da mota zai sayar a Kano ko Sakkwato, ya sani cewa a farkon 2017 Nijeriya ta hana shigo da motocin sayarwa ta iyakokin ƙasa. Ya binciki doka tukuna kafin ya sa wannan a lissafi.

Zama da ita

Ƙura ce babbar abokiyar gabar inji a ƙasarmu. A canza baƙin mai kowane kilomita 5,000, a kakkaɓe matatar iska kowane mako lokacin hunturu, a riƙa duba ruwan lagireto da safe lokacin bazara. Tayoyi huɗu su zama girma ɗaya, domin bambancinsu yana wahalar da giyar mai ƙafa huɗu. A rairayi a rage iskar taya, in an hau kwalta a mayar. Da damina kada a faɗa korama mai gudu. Injin nan yana shaƙar iska ta ƙasa-ƙasa, in ya sha ruwa ya gama. Safaya mai lafiya, da jak, da famfo, da shebur, da igiya, da jarkar ruwa, kada su bar cikin mota. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma maganar tsaro. Yankin iyakar Maraɗi da Katsina da Zamfara da Sakkwato ya sha fama da 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane. Mota mai ƙyalli da ke fita kara ɗaya a lokaci ɗaya kowane mako tana tallan mai ita. A daina tafiyar dare, a riƙa sauya lokaci, a tura kuɗi ta banki ko gidajen aika kuɗi maimakon ɗaukar su a mota.

Lissafin ƙarshe

Kafin a biya, a mayar da kuɗin motar zuwa shanu, a ga kai nawa za su fita daga jari. Saniya tana haihuwa, sa yana ƙiba, mota kuwa kullum raguwa take yi, ga mai, ga taya, ga inshora. In mutum yana cin kasuwa uku ko huɗu a mako, yawancin hanyarsa kwalta ce da jan burji, kuma in ya saya jarinsa ba zai girgiza ba, ƙaramar kat-kat mai lafiya za ta biya kanta. In hanyarsa rairayi ce da lodi, ya haƙura ya tara na Hilux, ko su haɗa kai su biyu ko uku da amana a rubuce. In kuwa sai ya taɓa uwar kuɗi ko ya ci bashi, to motar haya ba ta taɓa hana kowa zama falke ba. Sayen nagari mai da kuɗi gida, araha kuwa ba ta ado.

Duk ɗan ƙungiya da yake da abin ƙarawa daga abin da ya gani da tasa motar, ya kawo wa sakatare, za mu buga a fitowa ta gaba in Allah ya yarda. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a dukiya. Wassalam.