Burgundi: Yankin Da Ake Sayar Da Sunan Gona Kafin Amfaninta

A watan Oktoba na 2018, a wani gwanjo da aka yi a birnin New York, an sayar da kwalba ɗaya ta giyar inabi a kan dala 558,000. An haɗa ta a 1945, daga wata gona mai suna Romanée-Conti wadda girmanta bai kai hekta biyu ba. Gonar tana Burgundi, wani yanki a gabashin Faransa. A lura, ba ƙasar Burundi ta Afirka ba.

Na san wani zai ce, mu ina ruwanmu da giya? Gaskiya ne, a wurin Musulmi haramun ce, kuma ba tallarta nake yi ba. Abin da ya ja hankalina shi ne tambayar da ta shafi duk wanda ke karatun noma ko kasuwanci a makarantar nan: yaya aka yi gona biyu da ke maƙwabtaka, iri ɗaya aka shuka a cikinsu, amma farashin amfaninsu ya bambanta kamar sama da ƙasa?

Yadda yankin yake

Zuciyar Burgundi wani dogon gangaren tudu ne da ake kira Côte d'Or. Ya taso daga birnin Dijon ya miƙa kudu kimanin kilomita 60, yana fuskantar gabas, don haka ranar hantsi tana dukan inabin sosai. Ƙasar wurin cakuɗe ce ta yumɓu da dutsen farar ƙasa. An raba gangaren gida biyu. Rabin arewa, Côte de Nuits, ya yi suna da jar giya. Rabin kudu, Côte de Beaune, nan ne fara ta fi shahara, duk da cewa akwai ja. Can arewa maso yamma kuma akwai garin Chablis, inda sanyi ya fi tsanani, kuma a cikin ƙasarsa ake tono ɓawon ƙananan kawar teku da suka zama dutse tun zamanin da ruwa ya rufe wurin.

Abin mamaki, kusan iri biyu kacal suka mamaye yankin. Pinot Noir na ja, Chardonnay na fara. Wannan ba haɗari ba ne. A 1395 mai mulkin Burgundi na lokacin, Filip, ya ba da umarni a tuge wani iri mai suna Gamay, saboda yana yin 'ya'ya da yawa amma a ganinsa ba shi da inganci. Wato tun shekara ɗari shida da suka wuce suka zaɓi kyau a kan yawa.

Tunda irin ɗaya ne, bambancin ya koma kan ƙasa. Masu sana'ar sun ce inabin ƙauyen Gevrey-Chambertin yana ba da ja mai ƙarfi, na Chambolle-Musigny da na Volnay mai laushi da ƙamshi, na Pommard mai ɗan kaushi a baki. A fara kuma, ta Meursault tana da maiƙo-maiƙo, ta Chablis tana da tsami da kaifi.

Wa ya fara lura da haka?

Sufayen Kirista ne. A 1098 aka kafa gidan ibada na Cîteaux kusa da Dijon. Mutanen wannan gida sun mallaki gonaki da yawa, sun iya rubutu, kuma suna da abin da manomi ɗaya ba shi da shi, wato lokaci. Tsara bayan tsara suna lura da wane yanki ne ke nuna da wuri, wanne ke riƙe ruwa, wanne sanyi ke kamawa. Suka riƙa kewaye gonaki da katangar dutse. Mafi shahara ita ce Clos de Vougeot, mai kimanin hekta 50.

Kowane irin wannan yanki yana da sunansa da iyakarsa, kuma a can ana ce masa climat. A 2015 hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihi na duniya, guda 1,247. Ku duba fa, gonaki sama da dubu, kowace da sunan yanka.

Matakai huɗu

A 1935 gwamnatin Faransa ta kafa dokar kare sunan asalin amfanin gona. Dokar ta fayyace iyakar kowane wuri, irin da za a shuka, da yawan abin da aka yarda a girba a hekta guda. A Burgundi matakan huɗu ne. Na ƙasa shi ne wanda ke ɗauke da sunan yankin gaba ɗaya, kuma shi ne kusan rabin abin da ake samarwa. Sai mai sunan ƙauye. Sai premier cru, wato zaɓaɓɓun gonaki a cikin ƙauye. A ƙololuwa akwai grand cru, guda 33 kacal, waɗanda ba su kai kashi biyu cikin ɗari ba. Galibinsu suna tsakiyar gangare, inda ruwa ba ya kwanciya kuma ƙasa ba ta yi ƙaranci ba.

Su kansu ƙauyukan sun gane darajar suna. A 1847 ƙauyen Gevrey ya liƙa wa kansa sunan babbar gonarsa, ya koma Gevrey-Chambertin. Wasu suka bi sahu: Vosne-Romanée, Aloxe-Corton, Puligny-Montrachet. A tunaninku, gari ne ke aron sunan gona!

Matsalolinsu ba su yi nisa da namu ba

Bayan juyin juya halin 1789 an ƙwace gonakin coci an sayar. Sannan dokar gado ta zamanin Napoleon ta wajabta raba dukiya tsakanin 'ya'ya. Sakamakon haka gonaki suka yi ta tsagewa. Clos de Vougeot ɗin nan yanzu tana da masu ita kusan 80, wani layuka kaɗan kawai ya mallaka. Duk wanda ya ga yadda gonar gado ke ƙanƙancewa a ƙauyensu ya san labarin.

A ƙarshen ƙarni na 19 kuma wani ƙwaro da ya shigo daga Amurka, mai cin saiwa, ya kusa shafe gonakin inabin Faransa. Mafitar da aka samu ita ce aure, irin wanda muke yi wa mangwaro: a ɗora reshen inabin Faransa a kan gindin na Amurka wanda ƙwaron ba ya kashewa. Har gobe haka ake yi.

Yanzu sauyin yanayi ne ya taso su gaba. Garin Beaune yana da tarihin ranakun girbi tun daga 1354, kuma ya nuna cewa daga 1988 zuwa 2018 girbi ya riƙa zuwa da wuri da kusan kwana 13. Ɗumi yana sa itacen ya yi toho da wuri, sai sanyin Afrilu ya ƙone tohon. A 2021 manoma sun kwana suna kunna wuta a tsakanin layuka, amma duk da haka asarar ta yi yawa.

To, mu fa?

Tarihi ya nuna abin da rashin suna ke jawowa. Jar fatar akuyar Sakkwato ta ƙetare Sahara shekaru aru-aru, amma a Turai da sunan fatar Maroko aka san ta. Mu muka yi kiwo muka jeme, wasu suka ci sunan.

Maƙwabtanmu sun fara farkawa. Ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde ta yi wa barkonon Penja na Kamaru rajistar sunan asali a 2013. Daga baya albasar Galmi da kilishin Nijar su ma suka samu. Ma'anar rajistar ita ce, ba kowa zai kwaso albasarsa ya ce ta Galmi ce ba, sai wadda aka noma a wurin bisa ƙa'idar da aka rubuta.

Wannan aikin ba na 'yan siyasa kaɗai ba ne. Kafin a kare sunan albasar Aliero, alal misali, sai an auna ƙasar, an zana taswirar gonakin, an rubuta yadda ake noma da adanawa, an kuma samu ƙungiyar manoma da za ta hana algus. Masu karatun safiyo, kimiyyar abinci, noma da kasuwanci, duk wannan yana cikin abin da ake koya mana. Ga waɗanda za su shiga shekarar ƙarshe suna neman batun furojet, ga ɗaya nan kyauta: ku zaɓi amfanin gona ɗaya da garinku ya yi suna da shi, ku binciko abin da ya bambanta shi da na wasu, ku rubuta.